Sharhi: Yadda Sauyin Dokokin Hanya a Jihohin Amurka Ke Shafar Direbobi da Masu Neman Diyya

Sharhin yau ya karkata ne ga ƙasar Amurka, inda a 'yan shekarun nan majalisun dokokin jihohi da dama suka yi wa dokokin hanya da na inshorar mota garambawul, kuma zai duba yadda wannan garambawul ke shafar masu tuƙi da waɗanda haɗari ya rutsa da su. Ƙasa ce da haɗarin mota ya hallaka mutum fiye da 40,000 a kowace shekara daga 2021 zuwa 2023, ya kuma jikkata fiye da miliyan 2 a kowacce daga cikin shekarun nan, saboda haka duk gyaran da aka yi wa dokar da ke fayyace mai laifi da mai biyan kuɗin magani yakan taɓa gidaje masu ɗimbin yawa. Jigon sharhin shi ne cewa asarar da haɗari ke jawowa ba ta ɓacewa don an sauya doka, domin abin da doka ke yi shi ne sauke nauyin daga wuyan wani ta ɗora wa wani, kuma ba a gane adalcin gyara sai an duba wanda aka bari da kayan a ƙarshe.

Ya kamata a fara da sanin cewa Amurka ba ta da dokar hanya guda ɗaya wadda ta game ƙasar. Kowace jiha daga cikin jihohi 50 ita ke ba da lasin tuƙi, ita ke ƙayyade gudun mota, ita ke sa ido a kan kamfanonin inshora, kuma kotunanta ne ke sauraron mafi yawan ƙararrakin diyya. Gwamnatin tarayya takan sa baki ne ta fuskar kuɗin gina hanyoyi, wato ta yi barazanar rage kason jihar da ta ƙi bin wata ƙa'ida. Ta wannan hanya aka taƙaita gudu a duk ƙasar zuwa mil 55 a sa'a a shekarar 1974, kafin a soke dokar a 1995 a mayar wa jihohi ikonsu, har ta kai yau akwai hanya a jihar Tekzas da aka yarda a yi gudun mil 85, kimanin kilomita 137 a sa'a, alhali birnin Niyok ya rage gudun cikin gari daga mil 30 zuwa 25 a 2014. Haka kuma dokar tarayya ta shekarar 2000 ta matsa wa jihohi su ɗauki ma'aunin barasa na 0.08 a cikin jini a matsayin iyakar da ke haramta tuƙi, sai jihar Yuta ta sauko da nata zuwa 0.05 a ƙarshen Disambar 2018. Direban tirela da ya ratsa jihohi uku a yini guda ya bi ta ƙarƙashin dokoki uku ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Dokar hanya tana aiki sau biyu. Aikinta na farko a bakin titi yake, inda ɗan sanda ke tsayar da mota ya rubuta takardar tara, a kuma ɗora wa direba makin laifi a kan lasinsa. Aikinta na biyu yana zuwa ne bayan an yi haɗari, lokacin da kamfanin inshora ko kotu ke neman sanin wanda ya yi sakaci, wato wanda ya kasa yin taka-tsantsan irin na mutum mai hankali. A nan ne wata tsohuwar ƙa'idar shari'a ke shigowa, wadda ke cewa karya dokar da aka kafa don kare rayukan jama'a sakaci ne a kan kansa, ba sai an nemi wata hujja ba. Shari'ar da ta fi shahara a kan wannan ita ce ta Martin da Herzog, wadda babbar kotun jihar Niyok ta yanke a 1920. Wani mutum ne da matarsa ke tafiya da dare a keken doki ba tare da fitila ba, alhali doka ta wajabta fitila, sai mota ta yi karo da su a wata kwana, mijin ya rasu. Matar ta yi nasara a kotun farko, amma da maganar ta kai sama, alƙali Benjamin Cardozo ya bayyana cewa rashin kunna fitilar da doka ta wajabta shi kansa sakaci ne, aka kuma rushe diyyar da aka ba ta. Wasu jihohi suna bin wannan ƙa'ida kai tsaye, wasu kuma suna ɗaukar karya doka a matsayin hujja mai nauyi kawai, amma a ko'ina sai an nuna cewa karya dokar na da hannu a aukuwar haɗarin.

Dokokin wayar hannu sun nuna yadda wannan ke gudana a zamanin yau. Jihar Niyok ce ta fara haramta riƙe waya a hannu yayin tuƙi a 2001, jihohi da dama suka biyo baya sannu a hankali, ciki har da Jojiya a ranar 1 ga Yulin 2018, da Ohayo da Mishigan a 2023. Tarar da Jojiya ta sa ba ta taka kara ta karya ba, domin dala 50 ce da maki 1 a karon farko, dala 100 da maki 2 a karo na biyu, dala 150 da maki 3 a karo na uku, kuma sai direba ya tara maki 15 cikin wata 24 ake dakatar da lasinsa. Nauyin dokar yana bayyana ne idan an yi haɗari. Kafin a kafa ta, lauyan wanda aka jikkata sai ya sha wahalar gamsar da kotu cewa riƙe waya ganganci ne. Bayan an kafa ta kuwa, abin da ya rage masa shi ne ya nemi kotu ta umarci kamfanin sadarwa ya kawo bayanan layin direban, a gwada mintin da aka buga waya ko aka tura saƙo da mintin da rahoton 'yan sanda ya ce an yi karo. Idan lokutan biyu suka zo daidai, laifin da tararsa dala 50 ce zai iya zama ginshiƙin hukuncin biyan dubban ɗaruruwan daloli, ban da ƙarin kuɗin inshora da direban zai riƙa biya na tsawon shekaru. A wasu jihohi ma, amsa laifi a gaban kotun hanya don a biya tara a huta yakan zama hujja a kan mutum a shari'ar diyya da za ta biyo baya.

Sai dai ba kasafai laifin haɗari ke taruwa a kan mutum guda ba, domin kamar yadda Hausawa ke cewa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani ya keta danja, amma wanda aka buge shi ma yana gudun da ya wuce ƙa'ida. Yadda jiha ke raba laifi tsakanin ɓangarorin biyu shi ne abin da ya fi komai tasiri a kan diyya, kuma tsari uku ake bi. Na farko shi ne tsohon tsarin da aka gada daga kotunan Ingila tun 1809, wanda ke hana mutum diyya gaba ɗaya muddin yana da hannu a haɗarin, komai ƙanƙantarsa. Jihohin Alabama, Merilan, Karolina ta Arewa da Bajiniya, tare da gundumar babban birnin ƙasar, Washintan, su ne suka rage a kan wannan tsari, kodayake Washintan ta sassauta shi ga masu tafiya a ƙasa da masu keke a 2016. Na biyu shi ne tsarin rabon laifi tsantsa, wanda Kalifoniya ke bi tun 1975, inda ake rage diyya daidai da kason laifin mutum, ko da nasa ya fi yawa. Na uku, wanda mafi yawan jihohi ke bi, shi ne rabon laifi mai iyaka, inda ake rage diyya daidai da kason laifi har zuwa rabi, daga nan kuma a hana ta gaba ɗaya.

Misali zai fito da bambancin fili. A ɗauka direba ya karye a cinya da ƙugu a wata mahaɗar hanya, aka yi masa tiyata, ya yi wata shida bai je aiki ba, aka ƙiyasta asararsa a kan dala 100,000. Idan aka ce kashi 20 cikin 100 na laifin nasa ne, saboda ya ɗan zarce gudun da aka ƙayyade, zai karɓi dala 80,000 a Kalifoniya, amma a Bajiniya ba zai karɓi ko sisi ba. Idan aka ce kashi 60 nasa ne, Kalifoniya za ta ba shi dala 40,000, jihohin rabon laifi mai iyaka kuwa za su sallame shi hannu rabbana. Idan laifin ya rabu biyu daidai, zai samu dala 50,000 a Fulorida, amma a maƙwabciyarta Jojiya, inda kashi 50 ya isa ya hana diyya, zai tashi a tutar babu. Rauni ɗaya ne, asibiti ɗaya, ciwo ɗaya, amma iyakar jihar da haɗarin ya auku a cikinta ce ke yanke ko iyalinsa za su farfaɗo ko bashi zai binne su.

Fulorida ta sauya sheƙa daga tsari na biyu zuwa na uku a ranar 24 ga Maris na 2023, ranar da gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a kan wata babbar dokar gyaran ƙararrakin diyya. Tun 1973 jihar ke bin rabon laifi tsantsa, amma sabuwar dokar ta ce duk wanda laifinsa ya haura kashi 50 cikin 100 ba shi da diyya. Masu goyon bayan gyaran sun kafa hujja da yawan ƙararraki da tsadar inshora a jihar, kuma lauyoyi sun tabbatar da girman sauyin da ayyukansu, domin sun yi rububin shigar da sabbin ƙararraki kimanin 280,000 a cikin watan Maris ɗin kaɗai, akasarinsu don kada sabuwar dokar ta riske su. Tasirin gyaran ya fi bayyana a teburin sulhu, inda mafi yawan da'awar diyya ke ƙarewa ba tare da an kai gaban alƙali ba. A da, jayayya tsakanin kashi 50 da kashi 51 a misalin da ya gabata jayayya ce a kan dala 1,000. A yanzu jayayya ce tsakanin dala 50,000 da babu. Wannan ya ba jami'in kamfanin inshora ƙarfin ciniki mai yawa, domin yana iya taya wa majinyaci kuɗi kaɗan yana tunatar da shi cewa in aka je kotu aka ƙara masa kashi guda na laifi, ya rasa duka. Jihar Luwiziyana ta bi sahun Fulorida da dokar da ta zartar a 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026.

Abu na gaba shi ne wa'adin shigar da ƙara, wato tsawon lokacin da doka ta ba wanda aka cuta ya kai kukansa kotu, wanda in ya wuce haƙƙinsa ya faɗi komai ƙarfin hujjarsa. Dokar Fulorida ta 2023 ta rage wannan wa'adi daga shekara 4 zuwa 2, yayin da Luwiziyana ta ƙara nata daga shekara 1 zuwa 2 daga ranar 1 ga Yulin 2024. Akwai kuma gajerun wa'adodi da suka fi kama mutane ba shiri: a Fulorida, wanda bai ga likita cikin kwana 14 bayan haɗari ba ya rasa kuɗin maganin da inshorarsa za ta biya, a Niyok kuma kwana 30 aka ba mutum ya sanar da kamfanin inshora a rubuce. Hikimar wa'adi a bayyane take, tun da shaidu na mantuwa, hotunan kyamarar kan titi kuma ana goge su. Illarsa kuwa takan faɗa ne a kan waɗanda rauninsu ya fi tsanani, domin likitoci sukan ɗauki watanni masu yawa kafin su tabbatar ko wanda ya bugu a kai ko a laka zai sake iya aiki, kuma wanda ya karɓi kuɗin sulhu ya sa hannu kafin a san iyakar ciwonsa ba shi da damar komawa neman ƙari.

Dokar ɗaura bel ma ta samu irin wannan sauyi, amma ta ƙofar kotu. Niyok ce ta fara wajabta ɗaura bel a 1984, kuma yau jihar Niyu Hamsha kaɗai ce ba ta wajabta shi a kan manya ba. Duk da haka, jihohi da yawa sun daɗe suna hana a ambaci rashin ɗaura bel a shari'ar diyya, bisa hujjar cewa rashin bel ba shi ne ya haddasa karon ba. Luwiziyana ta ɗage wannan hani daga farkon 2021, Jojiya kuma ta ɗage nata da dokar da gwamna Brian Kemp ya sa wa hannu a watan Afrilun 2025. Ma'anar wannan ita ce masu taya alƙali shari'a, wato 'yan ƙasa da ake zaɓowa su saurari shaidu su tantance abin da ya faru, yanzu suna iya jin cewa majinyaci bai ɗaura bel ba, su kuma rage masa diyya a kan haka. Akwai adalci a cikin wannan gyara, domin bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke zaune a gaban ƙaramar mota da kusan rabi, kuma wanda ya yi watsi da kariyar da ke kusa da hannunsa yana da kaso a girman rauninsa.

Duk hukuncin da kotu ta yanke, a aikace diyya takan tsaya ne a inda inshorar mai laifi ta tsaya, saboda mafi yawan direbobi ba su da dukiyar da za a kama. Shi ya sa mafi ƙarancin inshorar da doka ta wajabta yake da muhimmanci. Kalifoniya ta ajiye nata a 1967 a kan dala 15,000 ga mutum guda da aka jikkata, dala 30,000 ga duk waɗanda haɗari guda ya shafa, da dala 5,000 ga dukiyar da aka lalata, kuma adadin bai motsa ba har tsawon shekara fiye da 50, alhali kuɗin asibiti ya ninka sau da yawa. Sai a ranar 1 ga Janairun 2025 aka ɗaga shi zuwa dala 30,000 da 60,000 da 15,000. Bajiniya kuwa ta daɗe tana barin direba ya biya dala 500 a shekara ya yi tuƙi ba inshora, kuɗin da ba ya biyan kowa komai in an yi haɗari, har sai da aka soke wannan dama a ranar 1 ga Yulin 2024. Irin waɗannan gyare-gyare suna ƙara wa direba kuɗin da yake biya a wata, amma suna kare shi daga ƙarar da za ta cinye albashinsa, suna kuma ba wanda ya buge abin da zai kai asibiti. Matsalar da ta rage ita ce kimanin direba 1 cikin 7 a Amurka ba shi da inshora ko kaɗan, bisa ƙiyasin shekarar 2022, abin da ya sa ake sayar da wata inshora ta daban wadda ke biyan mutum idan wanda ya buge shi ba shi da ita ko tasa ta gaza.

Jihohi 12 sun zaɓi wata hanya ta daban da ake kira inshorar ba-ruwan-laifi, wadda Masachusets ta fara a 1971. A ƙarƙashinta kamfanin inshorar kowane mutum ne ke biyan kuɗin maganinsa ba tare da jiran a gano mai laifi ba, shi kuma ya haƙura da kai ƙara sai in rauninsa ya kai wani mataki na tsanani. Fulorida ta tsayar da wannan kuɗi a kan dala 10,000, Niyok a kan dala 50,000, amma Mishigan, wadda ta shiga tsarin a 1973, ta wajabta biyan kuɗin magani da jinya ba iyaka har ƙarshen rayuwar wanda ya jikkata. Domin ɗaukar nauyin manyan raunuka aka kafa wani asusu a 1978 wanda kowace mota ke zuba wa kuɗi, kuma kason kowace mota ya kai dala 220 a shekara a 2019. Sakamakon haka Mishigan ta zama wurin da wanda lakarsa ta tsinke ya fi samun kulawa a duk ƙasar, ta kuma kasance cikin jihohin da inshora ta fi tsada, musamman a birnin Ditroit, inda talakawa da yawa suka haƙura da ita suka riƙa tuƙi a kan kasada.

A ranar 30 ga Mayun 2019 gwamna Gretchen Whitmer ta sa hannu a kan gyaran inshorar motar Mishigan da 'yan manyan jam'iyyun ƙasar biyu suka goyi baya. Daga Yulin 2020 aka ba direba zaɓi: ya ci gaba da inshorar da ba ta da iyaka, ko ya ɗauki ta dala 500,000, ko ta 250,000, ko ta 50,000 idan yana cikin Medicaid, wato shirin gwamnati na biyan kuɗin maganin masu ƙaramin ƙarfi. Kason asusun manyan raunuka ya sauko zuwa dala 100, daga baya zuwa 86, kuma a 2022 aka mayar wa direbobi dala 400 a kan kowace mota. Amma gyaran ya zo da sabon nauyi a kan direba, domin wanda ya zaɓi inshora mai iyaka kuma kuɗin maganinsa ya zarce ta yana da damar ƙarar wanda ya buge shi don cike gurbin, shi ya sa dokar ta ɗaga mafi ƙarancin inshorar biyan wanda aka jikkata daga dala 20,000 zuwa 50,000 ga mutum guda.

Ɓangaren gyaran da ya fi ciwo ya fara aiki ne a Yulin 2021. An rage kashi 45 cikin 100 na abin da ake biyan cibiyoyin farfaɗo da majinyata da kamfanonin jinyar gida a kan ayyukan da ba su cikin jadawalin farashin gwamnati, an kuma taƙaita sa'o'in da ake biyan ɗan uwa mai jinya zuwa 56 a mako. Mako yana da sa'a 168, kuma mutumin da jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa yana buƙatar a juya shi bayan kowace sa'a biyu dare da rana don kada gyambon kwanciya ya kama shi, a share masa majina daga bututun numfashi, a ɗaga shi daga gado zuwa keke, a wanke shi, a ba shi abinci a baki. Sa'a 56 na nufin sa'a 8 a yini, sauran 16 kuwa sai uwa ko mata ko miji su yi su kyauta, ko a nemo ma'aikacin jinya daga kamfanonin da ragin kuɗi ya sa wasunsu suka rufe, wasu kuma suka sallami majinyatansu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne an fara aiwatar da ragin har a kan waɗanda suka jikkata shekaru da yawa kafin dokar, mutanen da suka biya kuɗin inshora bisa alkawarin kulawa ta har abada. Sai a ranar 31 ga Yulin 2023 kotun ƙolin jihar ta yanke, a shari'ar da aka sani da sunan Andary, cewa ragin bai shafi waɗanda suka jikkata kafin dokar ta fara aiki a 2019 ba. Hukuncin ya ceci tsofaffin majinyata bayan shekara biyu na wahala, amma bai kai ga waɗanda suka jikkata daga baya ba.

Bai kamata a yi watsi da hujjar masu neman rage ƙararraki ba. Akwai haɗurran bogi da ake shiryawa don cin kuɗin inshora, akwai asibitocin da ke ƙara farashi idan sun san kamfani ne zai biya, kuma tsadar inshora ita kanta cuta ce, tun da ita ke tura talaka ya yi tuƙi ba kariya. Abin da ya wajaba shi ne a rarrabe gyara iri biyu. Akwai gyaran da ke rage haɗarin kansa, kamar hana riƙe waya, rage gudu a cikin gari da tsananta dokar barasa, kuma wannan riba ce ga direba da fasinja da kamfanin inshora baki ɗaya, domin haɗarin da bai auku ba babu mai biyan kuɗinsa. Akwai kuma gyaran da ke rage abin da ake biya bayan haɗari ya auku, kuma shi wannan ba ya rage ko kwana guda daga jinyar wanda ya karye. Kuɗin da kamfanin inshora bai biya ba yakan koma kan asibitin da ya yi aiki ba a biya shi ba, ko kan Medicaid da harajin jama'a ke ɗauka, ko kan matar da ta ajiye aikinta ta zauna jinya. Sauƙin da miliyoyin direbobi ke samu kaɗan-kaɗan, mutane ƙalilan ne ke biyansa da yawa, kuma su ne mafi raunin murya a zauren majalisa.

Ga mai tuƙi a Amurka, ciki har da Hausawan Najeriya da Nijar da Gana da ke neman abinci da tasi ko motar kai saƙo a Niyok da sauran birane, abubuwa biyu ne ke yanke makomar da'awarsa tun kafin a duba raunin: wurin da haɗarin ya auku da ranar da ya auku. Wanda ya ƙaura daga wata jiha zuwa wata yana buƙatar sake duba takardar inshorarsa, wanda ke ɗaukar fasinja don kuɗi kuma ya sani cewa inshorar motar gida galibi ba ta biyan haɗarin da ya auku a bakin aikin haya. Idan haɗari ya auku, kiran 'yan sanda, ɗaukar hoton wurin, karɓar lambar shaidu da ganin likita a ranar, ko da jiki bai nuna ciwo ba, su ne ke tsare haƙƙin mutum a tsarin da kashi guda na laifi ko jinkirin kwana guda ke iya rushe diyya. Lauyoyin diyya a can galibi ba sa karɓar kuɗi sai an yi nasara, inda sukan ɗauki kusan kashi 1 cikin 3, don haka rashin kuɗi a hannu ba dalili ba ne na ƙin neman shawara.

Darasin bai tsaya a Amurka ba, domin Najeriya ma tarayya ce, kuma jihohinta na da hukumomin hanya irin su KAROTA a Kano da LASTMA a Legas, kodayake harkar inshora tana hannun gwamnatin tarayya. Lokacin da aka ɗaga kuɗin inshorar biyan wanda aka yi wa ɓarna daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, da lokacin da 'yan sanda suka fara tilasta ta a watan Fabrairun 2025, mafi yawan muhawara ta tsaya ne a kan farashi da shingayen bincike, ba a cika tambayar ko wanda mota ta buge yana samun abin da takardar ta yi masa alkawari ba.

Abin da ya dace da kowace majalisa, kafin ta kaɗa ƙuri'a a kan dokar hanya ko ta diyya, shi ne ta saurari likitocin ƙashi da na ƙwaƙwalwa da masu jinya a gida kamar yadda take sauraron kamfanonin inshora da ƙungiyoyin lauyoyi. Ya kamata ta rubuta a cikin dokar cewa ragin haƙƙi ba zai koma baya ya shafi wanda ya riga ya jikkata ba, ta kuma wajabta wa hukumar inshora ta bayyana wa jama'a, bayan shekara biyu ko uku, nawa kuɗin inshora ya sauka da kuma halin da masu manyan raunuka suka shiga. Idan sauƙin da aka yi alkawari ya tabbata ba tare da an jefar da majinyata ba, dokar ta cancanci ta zauna. Idan kuwa bai tabbata ba, wajibi ne majalisar da ta yi gyaran ta koma ta warware shi.

Ƙarshen sharhin ke nan.